Su a kan ƙanƙara

Su a kan ƙanƙara hanya ce ta kamun kifi a ƙasashe masu tsananin sanyi, inda saman tafki ko kogi ke daskarewa har ya iya ɗaukar mutum. Masunci yakan taka da ƙafarsa zuwa tsakiyar tafkin, ya huda ƙanƙarar, ya zura zare da ƙugiya cikin ruwan da ke ƙasa. An fi yin sa a Kanada da jihohin arewacin Amurka, da Finland da Suwidin da Norway, da Rasha, da arewa maso gabashin Sin, da Koriya ta Kudu, da tsibirin Hokkaido na Japan. Kakarsa takan fara a Disamba ta ƙare a Maris, amma a Siberiya tana zarcewa har Afrilu. A da yunwar hunturu ce ke fitar da mutane kan tafki. Yau yawancin masu yin sa nishaɗi suke nema, ko da yake har yanzu akwai al'ummomin da ke ci da shi.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara

Dalilin da ya sa wannan su yake yiwuwa yana cikin wata baƙuwar ɗabi'a ta ruwa. Ruwan daɗi ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Selshiyas. Idan ya ƙara sanyi ƙasa da haka sai ya fara rage nauyi, in kuma ya daskare a digiri 0 sai ya fi ruwan sauƙi da kusan kashi 9 cikin ɗari. Saboda haka tafki daga sama yake daskarewa. Ƙanƙarar takan zauna a kansa kamar murfin tukunya, ruwan ƙasa kuma ya tsaya tsakanin digiri 0 dab da murfin zuwa digiri 4 a can gindi. Kifi na nan da ransa duk tsawon hunturu.

Sai dai jikin kifi yana bin sanyin ruwan da yake ciki. Yakan rage yawo, ya rage ci, kuma ba ya wahalar da kansa wajen bin abincin da ya yi masa nisa ko girma. Wannan ne ya sa kayan sun ƙanƙara ƙanana ne ƙwarai, ƙugiyar wani lokaci ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Akwai kifayen da sanyi bai dame su ba. Babot (Lota lota), mai kama da tarwaɗa da gashin baki ɗaya tal a haɓa, a tsakiyar hunturu yake zuba ƙwai ƙarƙashin ƙanƙara, kuma da dare yake farauta. Fayik (Esox lucius), dogon kifi mai baki kamar na agwagwa da haƙora masu kaifi, shi ma ba ya daina ci. Walayi (Sander vitreus), wanda masuntan jihar Minnesota ta Amurka da lardin Manitoba na Kanada suka fi daraja, idonsa na gani a duhu, don haka da asuba da dab da magariba ake samun sa.

Murfin yana da illarsa. Yana raba ruwa da iska, kuma idan dusar ƙanƙara ta taru a kansa hasken rana ba ya ratsawa, sai ciyawar ruwa ta mutu ta fara ruɓewa tana cinye iskar oksijin. A ƙananan tafkuna marasa zurfi oksijin kan ƙare ƙarƙaf kafin hunturu ya fita, a wayi gari bayan narkewa kifaye sun taso a mace.

Karatun ƙanƙara

Kafin masunci ya koyi kifi sai ya koyi ƙanƙara, domin a kanta ransa yake. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota, jiha mai tafkuna fiye da 11,000, tana ba da ma'auni da ya yaɗu a ko'ina: idan kaurin bai kai inci 4 ba, wato santimita 10, kada a hau. Inci 4 na ɗaukar mai tafiya a ƙafa, inci 5 zuwa 7 na ɗaukar babur ɗin dusar ƙanƙara, ƙaramar mota kuma tana bukatar inci 9 zuwa 10. Babbar a-kori-kura mai jan ɗakin masunta mai taya sai an kai rabin mita.

Waɗannan alƙaluma na sabuwar ƙanƙara ce mai haske kamar gilashi, wadda ake kira baƙar ƙanƙara saboda duhun ruwan da ake hangowa ta cikinta. Farar ƙanƙara, wadda ke samuwa idan dusa ta jiƙe ta sake daskarewa, cike take da kumfar iska, ƙarfinta rabin na baƙar ne, don haka sai a ninka kaurin. Mafi munin duka ita ce ta ƙarshen kaka. Rana takan ratsa ta, ta rarrabe ta zuwa dogayen sanduna a tsaye, ta yadda mai kaurin santimita 40 za ta iya rugujewa ƙarƙashin ƙafar mutum ɗaya.

Kuma tafki ɗaya ba ya daskarewa bai ɗaya. Bakin rafin da ke zuba cikinsa, da ƙarƙashin gada, da matsatsi tsakanin tsibirai biyu, da wurin da idon ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, duk wurare ne da ruwa ke motsi yana lasar ƙanƙarar ta ciki, ba tare da an ga alama a sama ba. Dusa ma mayaudariya ce: tana rufe ƙanƙara kamar bargo ta hana ta ƙara kauri, nauyinta kuma ya danna ta har ruwa ya kutso ta tsagu. A manyan tafkuna zafi da sanyi kan sa faffadan ƙanƙara ta buɗe ta tsuke, sassanta su yi karo su tayar da tudu mai tsawon kilomitoci, kuma a gefen irin wannan tudun motoci suka fi nutsewa. Abin mamaki, ƙarar da ta fi tsorata baƙo, wato rugugi da tsagewa kamar aradu a daren da sanyi ya tsananta, sau da yawa alama ce cewa ƙanƙarar na ƙara kauri.

Shi ya sa a farkon kaka masunci ke tafiya da dagi, dogon ƙarfe mai kaifin baki, yana sara gabansa a kowane taku biyu ko uku. Idan sara ɗaya mai ƙarfi ya fito da ruwa, sai ya juya ta sawun da ya zo.

Kayan aiki

Babban makami shi ne mahudi, ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki da wuƙaƙe biyu a baki, wanda ke fasa rami mai faɗin santimita 15 zuwa 25. Akwai na hannu, akwai na fetur da na gas, amma a shekarun nan mai batir ya mamaye kasuwa saboda ba shi da nauyi ba ya hayaƙi. Bayan huda sai a kwashe ɓarɓashin da matsami irin na mai tuyar ƙosai, kuma a riƙa kwashewa, don ramin yakan sake yin ɓawo cikin mintuna.

Sandar fatsa gajera ce, santimita 60 zuwa 90, tunda ba jifa za a yi ba. A bakin zaren akan ɗaura ƙugiya mai ɗan kai na dalma ko tangistin. Tangistin ya fi dalma nauyi, don haka ƙaramin kai yakan nutse da sauri. Rashawa suna da tasu mai suna mormishka, wadda ta samo suna daga wani ƙaramin ƙwaron ruwa da take kwaikwaya, ana haɗa ta da siririn ƙarfe ko roba a bakin sanda wanda ke sunkuyawa ko ya miƙe idan kifi ya ɗan taɓa. Abincin ƙugiya kuwa tsutsa ce, ko jar tsutsar laka, ko ƙaramin kifi mai rai.

Bayan sandar fatsa sai tarkon tuta. Katako ne ko roba da ake gicciyewa a bakin rami, manaɗin zarensa na rataye cikin ruwa don kada ya daskare. Idan kifi ya ja, manaɗin ya juya ya saki wata 'yar tuta ta miƙe, mai shi ya hango daga nesa ya sheƙo a guje ya jawo zaren da hannu. Da shi aka fi kama fayik.

Sai na'urar amsa-kuwwa, wadda ke aika sauti ƙasa ta nuna gindin tafki da ƙugiya da kifin da ke matsowa a kan allo. Kamfanoni irin su Vexilar da Humminbird sun daɗe suna ƙera ta, a 2018 kuma Garmin ya fito da LiveScope, mai nuna kifi yana iyo a gefe da nisa. Ana muhawara a kanta har yau, domin wasu na ganin ta sauƙaƙa kamun garken kifi fiye da yadda tafki zai iya ɗauka.

Wurin fakewa ya kama daga bokitin da aka kifa aka zauna a kai, zuwa tantin da ake naɗewa, zuwa ɗaki mai taya da gadaje da murhu da ramuka a daɓensa. A tafkunan Mille Lacs da Lake of the Woods na yankin Minnesota dubban irin waɗannan ɗakuna kan zama gari guda, da hanyoyin mota da ake sharewa a kan ƙanƙara.

Dabaru

Mai kwalekwale yana jifa ko'ina, yana yawo da ƙugiyarsa. Mai sun ƙanƙara ba shi da sai abin da ke ƙarƙashin rami ɗaya, don haka shi ne zai yi yawon. Ƙwararru kan huda ramuka ashirin ko talatin a jere, daga tudu zuwa kwari, su ba kowanne 'yan mintuna, in babu motsi su wuce. Taswirar zurfin tafki ce jagora: gangara, da tudun duwatsu a ƙarƙashin ruwa, da bakin ciyawar da ba ta mutu ba.

Wurin kifi na canzawa da tafiyar kaka. Makonnin farko yana kusa da gaɓa cikin ciyawa, ruwan cike da oksijin, kuma a lokacin ya fi ci, wanda shi ne ke jan mutane su hau ƙanƙarar da ba ta nuna ba. Tsakiyar hunturu sai ya koma zurfi ya yi kasala. A ƙarshe, idan ruwan narkewa ya fara sauka ta tsagu, sai ya dawo bakin rafuka yana shirin zuba ƙwai.

Wasan ƙugiya kansa aikin haƙuri ne. Akan saukar da ita har ta daki laka ta tayar da ƙura, a ɗaga ta kaɗan, a riƙa karkaɗa ta a hankali. Ana riƙe ta sama da kifi, domin yawancinsu sama suke kallo. Idan na'ura ta nuna kifi ya zo ya tsaya, sai a janye ƙugiyar sannu a hankali kamar mai gudu, sau da yawa kuma a lokacin da aka tsaya cak ne yake kamawa. Kifin da aka jawo daga zurfin mita 9 ko fiye jakar iskarsa kan kumbura, ko an mayar da shi da wuya ya rayu.

Mashi da koma

Fatsa ba ita ce ta fara ba. Mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin Manyan Tafkuna na Arewacin Amurka, sukan kwanta a bakin rami su lulluɓe da fata don toshe haske, su riƙa wasa da kifin katako da suka sassaƙa, babban kifi na zuwa su soke shi. Inuwit, mutanen can ƙuryar arewa mai ƙanƙara, na da mashinsu mai baki uku da ake kira kakivak. Wannan salo na nan a tafkin Winnebago na jihar Wisconsin ta Amurka, inda ake buɗe kakar sukar wani ƙaton kifi mai suna stajin a Asabar ta biyu ta Fabrairu, na tsawon kwana 16 ko har a cika adadin da hukuma ta yanke. Mutum kan shafe kwanaki cikin ɗaki mai duhu yana kallon rami mai girman ƙofa bai ga komai ba. Wani da aka soke a 2010 ya kai kilo 96.

A tafkin Chagan na lardin Jilin a Sin kuwa koma ake zurawa, mai tsawon kusan kilomita 2, daga rami zuwa rami a ƙarƙashin ƙanƙara, dawaki na juya turken da ke jawo ta. A 2006 ja guda ya fito da fiye da tan 100.

Haɗari

Wanda ya faɗa ruwa yana da lokaci fiye da yadda ake zato. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita shi da 1-10-1: minti 1 na shawo kan numfashi, minti 10 kafin hannuwa su mutu, awa 1 kafin sanyi ya sumar da mutum. Ana juyawa ta inda aka fito, a kafa ƙusoshin da ake ratayawa a wuya, a yi ta bugun ƙafa har jiki ya kwanta a kan ƙanƙara, sannan a mirgina, kada a miƙe. Cikin ɗaki kuwa murhun gas na kashewa da iskar kabon monoksaid idan ba a bar kafa ba.

A manyan ruwaye iska kan ɓalle ƙanƙara daga gaɓa ta tafi da mutane. Ranar 7 ga Fabrairun 2009 an ceto masunta 134 a tafkin Erie, ɗaya daga cikin Manyan Tafkuna, mutum ɗaya ya rasu. A Nuwamban 2022 an kwashe kimanin 200 a tafkin Upper Red na Minnesota.

Doka da taruka

Minnesota ta yarda da zare biyu ga kowane mutum, Wisconsin uku, kuma a yawancin tafkuna dole a kwashe ɗakuna a cikin Maris. A Finland sun ƙanƙara da sanda ɗaya, wanda suke kira pilkki, haƙƙin kowa ne, ba a biyan lasisi. Gasar su ta garin Brainerd da ake yi a tafkin Gull na Minnesota tun 1991 na tara kimanin mutum 10,000, bikin Hwacheon na Koriya ta Kudu kuma, wanda aka fara a 2003, yakan ja fiye da miliyan ɗaya a Janairu. Duk waɗannan sun dogara ne da sanyin da ke ja da baya. A hunturun 2023 zuwa 2024 ƙanƙarar Manyan Tafkunan Amurka ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa a 1973, kuma an soke gasanni da dama a yankin.