Zamanantar da aikin gwamnati a Jihar Katsina

Zamanantar da aikin gwamnati shi ne sauya yadda hukuma ke tara kuɗi, biyan albashi, adana bayanai da biya wa jama'a buƙatunsu, ta hanyar sababbin dokoki da na'urori. A Katsina, yawancin gyare-gyaren da suka yi tasiri sun tsaya ne kan tambayoyi biyu: ina kuɗin hukuma suke kwana, kuma wane ne da gaske yake cikin rajistar masu karɓar albashi.

Asali

Maganar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa baitulmali na farko na hukumar gargajiya, wato En'e, a Arewa, lokacin da Palmer yake jami'in Turawa a Katsina. Kafin nan hakimi yakan tara haraji da jangali, ya cire rabonsa, ya miƙa saura. Da baitulmali ya zo, sai kuɗi suka koma hannun ma'aji, ana rubuta shiga da fita, sarki da hakimai kuma aka yanka musu albashi. Daga Katsina tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. En'e ta ci gaba da riƙe wannan aiki har garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976. An ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, yau tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361.

Asusu da albashi

Sauye-sauyen baya-bayan nan daga tarayya suka faro. A 2007 aka fara tsarin biyan albashi na IPPIS, a 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, sannan a 2015 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya umarci ma'aikatun tarayya su rufe asusunsu na bankunan kasuwanci su koma Asusun Bai-ɗaya, wato TSA. Dalilin a fili yake. A da ma'aikata guda takan buɗe asusu barkatai a bankuna daban-daban, har gwamnati ta je ta ci bashi da ruwa alhali kuɗinta na kwance a wani bankin da ba ta san da shi ba.

BVN kuwa ita ce ta fi tona asirin ma'aikatan bogi. Lambar tana haɗe da zanen yatsun mutum da hotonsa, saboda haka idan sunaye biyar a takardar albashi suka koma kan lamba ɗaya, an gano mai cin albashin mutum biyar. Haka nan mamacin da ake ci gaba da karɓar masa albashi, da yaron da aka cusa sunansa yana makarantar sakandare. Sai dai tantancewa tana da nata ciwon: ma'aikaci na gaskiya da aka rubuta Muhammad a takardar ɗaukar aiki, Mamman a banki, yana iya yin watanni bai ji alat ba, yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan da takardar rantsuwar kotu a hannu.

Jihohi sun bi sahu ne musamman bayan 2018, da aka fara shirin SFTAS na Bankin Duniya mai dala miliyan 750, wanda ya riƙa ba jiha tallafi idan ta wallafa kasafinta da rahoton binciken kuɗinta a intanet, ta haɗa albashi da BVN, ta kuma tattara asusunta wuri guda. Wannan ya faɗo a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ba da umarnin aiki da Asusun Bai-ɗaya a jihar, ya sa aka yi wa masu neman muƙamin babban sakatare jarrabawa, sannan aka kafa hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT da hukumar taswirar filaye ta KATGIS. Ta biyun ta fi shafar talaka kai tsaye, domin rigimar fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, ko fayil da ya yi ɓatan dabo, tsohon ciwo ne a birnin Katsina da Funtuwa da Daura.

Cikas

Duk waɗannan tsare-tsare sun dogara ne da wuta da sabis. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ba a fara maido da su ba sai a Disamba. A tsawon lokacin, malamin firamare a waɗannan yankuna sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake kafin ya san ko albashi ya shiga, masu POS kuma suka rufe ko suka ƙaura.

Akwai kuma batun harshe da ilimi. Kusan duk fom ɗin hukuma da Turanci yake, alhali mafi yawan masu cikewa da Hausa suke magana, wasu ma ajami suka fi iya karantawa. Shi ya sa shagunan kwamfuta suka zama sababbin akawuna: mutum ya biya a cike masa fom, ya miƙa lambarsa ta NIN da ta BVN ga wanda bai sani ba, abin da kan buɗe ƙofar zamba.

Na'ura kuma ba ta hana haɗin baki. Idan wanda ke shigar da suna cikin kwamfuta shi ne mai son cusa ɗan'uwansa, sunan zai shiga. Ƙananan hukumomi su ne suka fi zama a baya a wannan fanni, ga shi kuwa ta hannunsu ake biyan malaman firamare da ma'aikatan asibitocin karkara. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, idan aka aiwatar da shi, zai ƙara musu nauyin riƙe littattafan kuɗinsu da kansu.