Cin huce takaici da gyaran tunani

Cin huce takaici shi ne mutum ya riƙa kai loma baki ba don yunwa ba, sai don ransa ya ɓaci, ko kaɗaici ya ishe shi, ko wani abu yana cin sa a zuci. Ɗabi'a ce, likitoci ba sa lissafa ta cikin cututtuka. Amma idan ta kai mutum yana narkar abinci mai yawa a zama ɗaya ya kasa tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, to ta shiga larurar da kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ba gurbi a 2013. A ƙauyukan Kano da Jigawa kwaɗayi ko zari ake ce mata. Gyaran tunani kuwa hanya ce ta magance ta, inda ake taimaka wa mutum ya sauya yadda yake fassara abin da ya same shi.

Tarihi

Maganar cewa tunani ne ke tuƙa zuciya daɗaɗɗiya ce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa wajen shekarar 850 ya rasu a 934, ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaki kafin ciwo ya zo. Shi kuwa kwantar da rai da abinci ba aibi ba ne a karan kansa. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama wa mutanen gidan rasuwa talbina, wato kunun sha'ir, domin Annabi (SAW) ya ce tana tafiyar da sashen baƙin ciki.

A zamanance, masanin halayyar ɗan Adam Albert Ellis ya fito da tsarinsa na gyaran tunani a Amurka a 1955, Aaron Beck na Jami'ar Fensilbaniya ya biyo da nasa a shekarun 1960. Duka biyun sun tafi a kan cewa fassarar da mutum ya yi wa abin da ya same shi ita ke haifar da ɓacin rai. Likita Hilde Bruch ta kawo bayanin da ya shafi tarbiyya: yaron da duk kukan da ya yi sai a toshe masa baki da abinci yana iya tashi bai san bambancin yunwa da damuwa ba. Wanda ya saba ganin ana miƙa wa yaro alawa don ya yi shiru ba zai ji baƙon zance ba. A 1975 masu bincike Herman da Mack suka gwada masu ƙuntata wa kansu ci don rage ƙiba, suka ga da zarar an sa su karya dokarsu da haɗin madara mai zaƙi, sai su ƙara ɗibar askirim fiye da waɗanda ba a ba su ba. Christopher Fairburn ne ya daidaita hanyar Beck da larurorin ci a farkon shekarun 1980, kuma tsarinsa na baya yakan ɗauki zama 20 cikin mako 20.

Yadda ake yi

A ɗauki matar da mijinta ya tafi ci-rani, kwana goma bai kira ba. Ta soya awarar sayarwa, ranta na ce mata "ya manta da ni." Ta ci ɗaya, ta ci biyu, sai wani tunanin ya biyo: "tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa." Kafin yarinya ta zo ɗaukar talla, faranti ya yi rabi, ga haushin kai a kan na miji.

Mai ba da shawara yakan fara da sa ta riƙa lura da lokacin, da abin da ta ci, da maganar da ta zo mata a rai. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta naɗi murya a waya. Daga nan sai a titsiye tunanin: mece ce shaidar ya manta? Bai taɓa jimawa haka ba ya dawo da tsaraba? Da ƙanwarki ce a wannan hali, me za ki ce mata? Tunani na biyu ya fi ɓarna, shi ya sa ake daɗewa a kansa har ta yarda cewa awara biyu ba ta wajabta ashirin.

Ana kuma koya mata rarrabe yunwa. Ta ciki a hankali take zuwa, ko ɗumame ta samu ta karɓa. Ta zuci farat ɗaya take tasowa, mai maiƙo ko zaƙi take nema, kuma ƙoshi ba ya kashe ta. Akan tsara ci a kan lokaci, kada a wuce awa huɗu, don mai horar da kansa da yunwa shi ya fi afkawa. In sha'awar ta taso, a ɗan jinkirta, a yi alwala ko a leƙa maƙwabta.

A karkara dai sai an yi hattara. Wanda ya wuni a gona da damina, rumbu ya yi ƙasa, ya dawo ya share malmala uku, yunwa ce. Mutane da yawa kuma ɓacin rai hana su ci yake yi.

Saɓani

Masana sun saɓa kan ko masu cewa damuwa ke sa su ci sun fi sauran mutane ci idan an auna. Ita kuwa hanyar gyaran tunani ta fi rage yawan ci fiye da rage ƙiba.

Wuraren neman taimako

Akwai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin Dawanau, da na Kazaure a Jigawa.