Aloberar ɗaki ta fara lalacewa: tambayoyi da amsoshi

Alobera ta cika gidajenmu a nan Garwa ta arewacin Kamaru ba tare da an yi mata shela ba. Wata ta karɓo ɗan tsiro wurin maƙwabciya, wata ta sayo, a dasa a bokitin fenti ko gwangwanin madara, a ajiye a kusurwar falo don kwalliya da gyaran gashi. Bayan wata biyu ko uku sai ka ji ana cewa, "Ni kam hannuna ba ya karɓar shuka." Ba laifin hannu ba ne. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kanta.

Ganyen ya yi laushi, ya koma ruwan ɗorawa, gindin kuma kamar an dafa shi. Ruwa ne bai ishe ta ba?

A'a, Hajiya, yawa ya yi mata. Asalin alobera daga yankin Larabawa take, ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwan sama. Kaurin nan da kike gani a ganyenta randa ce Allah Ya yi mata, a ciki take tara ruwanta. Ko ƙofofin numfashin ganyenta da dare take buɗe su, da rana ta rufe don kada ruwan ya tsere. Saiwarta kuwa iska take so. Idan ƙasa ta zauna jiƙe dare da rana, saiwar sai ta shaƙe ta fara ruɓewa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, da zarar saiwa ta ruɓe, shukar ba ta iya sha, sai ta yanƙwane kamar mai ƙishirwa. Mai ita ta ga haka ta ƙara ruwa. Haka ta faru da ta goggona. Kullum bayan sallar asuba sai ta juye mata sauran ruwan buta, wai don lada. Ran da na kama ganyen tsakiya na ɗan ja, sai ya biyo hannuna kamar an zare lagwani, gindin baƙi, yana yauƙi, ga wari irin na ruɓaɓɓiyar albasa. Da na kifa bokitin, ruwa ne kwance a ƙasansa, don ko huda ɗaya ba a yi masa ba.

To kwana nawa-nawa zan riƙa ba ta ruwa?

Kada ki ƙirga kwana, ki tambayi ƙasar. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, ko ki soka tsinken tsire ya kai ƙasan tukunya. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ki ƙyale ta. In ya fito fes, ki zuba ruwa sosai har sai ya ɓullo ta ƙasa, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ne mafi muni.

Lokaci ma yana da nasa. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ƙaramar tukunya na iya bushewa cikin mako guda. A watan Agusta kuwa, iska cike da laima, sai a yi mako uku ƙasar ba ta bushe ba. Ki zuba a gefe, ba a tsakiyar ganye ba, don ruwan da ya kwanta a zuciyarta yana ruɓar da ita. Ruwan wanke-wanke mai sabulu da maiƙo kuma a bar shi ya bi rariya.

Ta riga ta fara ruɓewa. Akwai sauran dabara?

Akwai, in ruɓar ba ta kai zuciya ba. Ki ciro ta gaba ɗaya, ki karkaɗe ƙasar, ki dubi saiwa. Mai lafiya tana da ƙarfi, launinta mai haske ne. Wadda ta yi baƙi tana narkewa a hannu, ki yanke ta da wuƙa mai tsabta, ki ci gaba da yanka har ki iske wuri mai tauri marar tabo. Ganyen ƙasa da suka lafke su ma ki cire. Wasu na barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, ba laifi.

Sai abin da mutane ba sa iya haƙuri da shi: ki ajiye ta a inuwa, haka nan tsirara ba ƙasa, kwana biyu zuwa uku, har bakin yankan ya ƙafe. Ba za ta mutu ba, guzurinta na cikin ganye. Sannan ki dasa a sabuwar ƙasa busasshiya, ki yi mako guda ba ki ba ta ko ɗigo ba.

In kuwa tsakiyar ta riga ta narke, uwar ta tafi. Ki duba gefenta ko akwai 'ya'ya, ki raba su da ɗan saiwarsu ki dasa. Yankar ganye ɗaya a soka a ƙasa, kamar yadda ake soka karan rogo, galibi ruɓewa yake yi kafin ya yi saiwa.

Wace ƙasa da wace tukunya suka dace?

Nan ne mutanen Marwa suka fi faɗawa. Baƙar ƙasar nan ta karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina, darajarta ita ce riƙe ruwa na watanni. Abin da ya sa ta yi wa masakwa kyau, shi ya sa take kashe alobera. Lakar fadama ma haka. Ki nemo yashi mai tsakuwa, irin wanda ake ɗiba a mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, ko a bakin Binuwai, kashi biyu, ki haɗa da ƙasa mai sauƙi kashi ɗaya, ki farfasa tsingaro ko gawayi ki cuɗa. In kin zuba ruwa ya wuce nan da nan, haɗin ya yi.

Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba. Yadda randa ke tsattsafo da ruwa ta jikinta har ya yi sanyi, haka tukunyar ke fitar da danshin da ya yi yawa. In bokiti kike da shi, ki zafafa ƙusa ki huda ƙasansa wuri huɗu ko biyar. Kada kuma ki sa ɗan tsiro a ƙatuwar tukunya, don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ke zama jiƙe.

Tawa ba ta ruɓe ba, amma ganyen ya yi tsawo, ya koɗe, ya kwanta gefe.

Duhu ne. Ɗakunanmu tagogi ƙanana, ga labule mai kauri da ake saki tun hantsi saboda zafi da ƙura. Mu muna ganin ɗakin da haske, ita a wurinta kusan magariba ce. Sai ta riƙa miƙa wuya tana neman rana har ƙarfinta ya ƙare. Ki mayar da ita bakin tagar gabas ko baranda, inda za ta sha ranar safe, ki riƙa juya tukunyar duk mako don kada ta karkace. Ganyen da ya riga ya kwanta ba zai tashi ba, sabon da zai fito daga tsakiya ne zai nuna miki ko ta samu abin da take so.

Na fitar da ita tsakar gida, sai ta koma ja-ja kamar ta ƙone.

An ɗauko ta daga duhu an jefa ta ranar tsaka, dole. Launin ja ko ruwan ƙasa da ya game ganye yakan koma kore in an mayar da ita inuwa mai haske. Tabon da ya yi fari ya bushe kamar takarda kuwa ƙuna ce, ya zauna ke nan. A saba mata a hankali: awa ɗaya ko biyu na safe, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Ƙarƙashin rumfa ko gindin dogon yaro ya ishe ta da bazara. Gwangwani da baƙar roba a rana kuma suna gasa saiwa.

Ganyen ya sirance ya naɗe ciki, bakinsa ya bushe fa?

Wannan kam ƙishirwa ce, ta cinye ajiyarta. Ki shayar da ita sosai sau ɗaya, cikin 'yan kwanaki za ta fara cikowa. In kin ga farin ɓawo a saman ƙasa, gishirin ruwa ne ya taru, ki kwashe shi, in da hali ki tara mata ruwan sama.

Akwai fari-fari a jikin ganyen. Cuta ce?

Ki goga da yatsa. In ɗige-ɗige ne a cikin fatar ganyen da ba sa gogewa, halitta ce, ƙananan alobera da su suke fitowa, su ɓace in ta girma. 'Yar uwarta ta daji, wadda manya ke kira kabar giwa ko zabuwa, ai saboda irin zanen nan ta samu sunan zabo. In kuwa abu ne kamar auduga a lungun ganye, ƙwari ne masu tsotsar ruwanta, sau da yawa za ki ga tururuwa na zirga-zirga a wurin. Ki jiƙa auduga da alkol, wato sifirit na shagon magani, ki goge su, ki maimaita bayan mako, ki nisanta ta da sauran shuke-shuke. Ƙurar hunturu kuma tsumma mai ɗan danshi ya wadatar.

In sa mata taki ta farfaɗo? Kuma zan iya ci gaba da yankar ganyen?

Mara lafiya ba a ɗura masa tuwo. Taki ba ya gyara ruɓaɓɓiyar saiwa, ɗanyen kashin shanu ko na kaji ma ƙona ta yake yi. In ta warke, ɗan tsohon taki busasshe sau ɗaya a shekara ya isa.

Yanka kuma ki dakata har sai ta fitar da sababbin ganye. Sannan ki ɗauki na waje mafi kauri, ɗaya ko biyu, daga gindi. Ki jingine shi bakin yankan na kallon ƙasa na ɗan lokaci, wani ruwa mai launin ɗorawa da ɗaci zai tsiyaye. Wannan ruwan yana sa zawo da murɗar ciki, yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi a fata, mai juna biyu kada ta sha shi. In akwai kyanwa a gidan ko yaro mai rarrafe, ki ɗora tukunyar inda hannu da baki ba za su kai ba.