Amino asid masu ɗauke da farar wuta

Cikin amino asid 20 da ke gina furotin, biyu ne ke ɗauke da farar wuta: metiyonin da sistayin. Jiki ba ya ƙera metiyonin, sai an ci shi a abinci. Sistayin kuwa hanta na iya haɗa shi daga metiyonin, muddin akwai bitamin B6.

Duk ƙwayar jikin da ke ƙona abinci da iskar oksijin tana barin ɓurɓushi masu cin kitse da furotin da DNA, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Babban mai tare su shi ne gulutatiyon, wanda ake haɗawa da amino asid uku: gulutamet, sistayin da gilaisin. Sistayin ya fi ƙaranci a cikinsu, don haka yawansa ne ke ƙayyade gulutatiyon da za a samu. Aikin kansa yana kan ɗan reshen farar wuta da haidirojin da ake rubutawa SH. Gulutatiyon biyu sukan saki haidirojin ɗinsu su maida haidirojin feroksayid, ɗaya daga cikin ɓurɓushin nan, ruwa, sai su manne da juna. Wannan mataki yana buƙatar seleniyam. Raba su don su koma aiki kuwa yana buƙatar bitamin B2 da sinadarin NADPH. Shi ya sa mai ƙarancin G6PD (sinadarin da ke samar da NADPH), ƙarancin da ya yawaita a Najeriya, jajayen ƙwayoyin jininsa kan farfashe idan ya sha magani irin firimakwin na zazzaɓin cizon sauro.

Rahoton WHO da FAO da UNU (hukumomin lafiya da abinci da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya) na 2007 ya sa bukatar baligi miligiram 15 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, metiyonin da sistayin haɗe. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar miligiram 900. Ƙwai, kifi, nama da madara suna da su sosai, haka riɗi da acca. Wake yana da ƙarancinsu amma yana da wani amino asid ɗin, laisin, hatsi kuma akasin haka, shi ya sa shinkafa da wake suke cika wa juna gibi. Rogo ne abin lura: furotin ɗinsa kaɗan ne, ga shi jiki na kashe farar wuta wajen kawar da gubar sayanayid da ke cikin wanda ba a jiƙa shi da kyau ba.

An fi ganin muhimmancin sistayin a gubar farasitamol. Baligi bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba. Idan aka zarce, hanta na fitar da gubar NAPQI fiye da abin da gulutatiyon zai ɗaure, ajiyar ta ƙare, ƙwayoyin hanta su soma mutuwa. Makarinta shi ne N-asetilsistayin, wani nau'in sistayin da hanta ke sake haɗa gulutatiyon da shi, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Yawan metiyonin ma da illarsa. Idan folet ko B12 ko B6 suka gaza, homosistayin, wanda jiki ke samarwa daga metiyonin, kan taru a jini, kuma ana danganta taruwarsa da cututtukan jijiyoyin jini.