Launin giya ba shi ne ƙarfinta ba

Wai har yanzu mutane na cewa giya mai haske irin su blonde da pale ale ba ta da ƙarfi, baƙar ce mai bugarwa. Gaskiya ba haka ba ne. Launi daga gashin sha'ir yake zuwa, in an gasa shi sosai ya yi duhu, in sama-sama ne ya fito ruwan zinare, shi kuwa ƙarfi ya danganta da yawan sukarin da yis ya cinye. Duba Duvel ta Beljiyam, fara tas amma sinadarin bugarwa da ke cikinta 8.5% ne, Guinness Draught baƙa wuluk kusan 4.2% kawai. Kuma don Allah a daina sanyaya pale ale kamar ƙanƙara, sanyin nan kashe ƙamshin furen hops da ake sakawa a giya yake yi.