Allurar ƙarin jinin masu ciwon ƙoda: me kamfanoni suka yi shari'a a kai?

Wane furotin ke cikin wannan allura?

A jikin mutum akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su umarci ƙwayoyin halitta su girma su yaɗu. Ɗaya daga cikinsu shi ne EPO. Ƙoda ce ke fitar da shi, ya bi jini zuwa ɓargo, ɓargo kuma ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa idan ƙoda ta gaza jini ke ƙaranci. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda a nan Sakkwato ya san alamun: tafin hannu ya yi fari fat, cikin ido ya koɗe, ɗan taku kaɗan sai haki. Allurar EPO ce ake yi wa irin waɗannan bayin Allah.

To, abin da Allah ya halitta a jiki, ta yaya kamfani zai ce nasa ne?

Abin da ake ba kamfani takardar haƙƙin ƙirƙira a kai shi ne dabarar samar da shi da yawa. Kamfanin Amgen na Amurka ya gano ƙwayar gadon EPO, wato umarnin da jiki ke bi wajen ƙera shi, a 1983, ya dasa ta cikin ƙwayoyin halittar wata dabba mai kama da ɓera, su kuma suka riƙa fitar da furotin ɗin. Ya samu takardarsa a 1987, maganinsa Epogen ya samu izini a 1989. Irin wannan takarda tana hana kowa kwaikwayon dabarar ba da izini ba, a yau na tsawon shekara 20.

Ina rigimar ta taso?

Wani kamfani mai suna TKT ya zo da wata hanya daban. Kusan kowace ƙwayar halittar mutum tana ɗauke da ƙwayar gadon EPO, amma a kwance take, ba ta aiki. TKT bai ɗauko ta daga waje ya dasa ba. Ya ɗauki ƙwayar halittar mutum, ya saka mata wani makunni kusa da ƙwayar gadon, sai ta farka ta soma fitar da EPO. Amgen ya ce wannan ma shiga gonarsa ce, aka tafi kotu.

Abin lura shi ne yadda hukuncin ya rabu biyu. A Amurka, wata kotu a Boston ta ba Amgen gaskiya a 2001, kuma maganin TKT, Dynepo, bai shiga kasuwar ƙasar ba. A Ingila kuwa, kotun ƙolin wancan lokaci ta yanke a 2004 cewa takardar Amgen ta tsaya ne a kan ƙwayar gadon da aka shigo da ita daga waje, don haka TKT bai keta ta ba. A ganina alƙalan Ingila sun fi kusa da adalci. Wanda ya kashe dukiya ya yi bincike ya cancanci ya ci guminsa, ba musu. Amma wanda ya haƙa rijiya bai mallaki ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, balle ya hana maƙwabci haƙa tasa.

Me ya haɗa wannan da majinyacin Sakkwato?

Kuɗi. Allurar nan ba ta rana ɗaya ba ce, mako-mako ake maimaita ta, ga kuɗin wankin ƙodar kansa. Muddin kamfani ɗaya ke riƙe da magani, shi ke yanke farashi. Sai da takardun suka ƙare sannan Turai ta amince da makamantan EPO a 2007, Amurka kuwa sai 2018. Shekarun da ke tsakani ba ƙananan shekaru ba ne ga mai ciwo.

Takardar Amurka tana aiki a Najeriya?

A'a. Kowace takarda ƙasar da ta ba da ita take ɗaurewa. Najeriya tana da dokarta ta 1970, wadda ita ma ke ba da shekara 20. Sai dai tunda daga waje muke sayo allurar, yawan masu ƙera ta a can shi ke taɓa farashinta a nan, kuma kowace iri sai ta samu rajistar NAFDAC kafin a sayar.