Ba Duk Mai Bikin Kirsimeti Ne Ke Zuwa Coci Ba

An daɗe ana cewa duk gidan da aka ga bishiyar Kirsimeti a ƙasashen waje, gidan masu ibada ne. Ba abin mamaki ba ne, don a Zuru ko Birnin Kebbi da coci ake fara ranar, sannan a kai wa maƙwabta shinkafa da kaza.

A Turai da Amurka kuwa akwai iyalai da yawa marasa bin kowane addini, amma suna bikin a matsayin hutu da zumunci. Sukan ƙawata bishiya da fitilu, su naɗe wa yara kyaututtuka, dangi su haɗu a ci abinci, ba addu'a, ba zuwa coci. Rigimarsu takan taso idan kaka mai ibada ta ce sai an kai jikoki coci, shi ya sa wasu ke daidaitawa tun kafin ranar.

Japan ma Kiristocinta ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, ga shi ana cin soyayyar kaza da kek a lokacin Kirsimeti, alhali 25 ga Disamba ranar aiki ce.

Mai son tabbatarwa ya duba jadawalin hutun ƙasar a intanet, ko ya tambayi ɗan'uwa mazaunin can ko maƙwabtansa suna zuwa coci ranar.

Don Allah a tura wa wasu.